Maƙeran Zinariyar Asante da Rabonmu a Tarihinsu

Ranar 1 ga watan Mayu na shekarar 2024 aka buɗe ƙofar gidan tarihi na fadar Manhyia domin jama'a su ga kayan sarautar Asante guda 32 da suka dawo daga Landan. Guda 17 sun fito daga gidan tarihi na Victoria da Albert, 15 kuma daga Gidan Tarihin Birtaniya. A cikinsu akwai takobin rantsuwa da ake kira Mpomponsuo, da lofen zinariya, da faya-fayan zinariya waɗanda hadiman fada masu wanke kurwar sarki ke ratayawa a ƙirji. Daga Krofrom zuwa Manhyia ba tafiyar da za ta gajiyar da ko tsoho ba ce, amma da yawa daga cikinmu mutanen Zango a rediyo muka ji labarin, a nan kuma muka bar shi. Mun ɗauka sha'anin masu gari ne, baƙo ba shi da ta cewa.

Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Mizanin da aka auna zinariyar nan da shi daga arewa ya zo. Layun da aka lulluɓe da ita malaman Musulmi ne suka rubuta su. Ran da aka kwashe ta daga fada kuma, akwai masu jin Hausa a cikin waɗanda suka riƙe bindiga. Saboda haka muna da rabo a labarin, mai daɗi da marar daɗi. Akwai kuma darasin da ya shafi akwatunan iyayenmu mata kai tsaye. Tun 1974 Otumfuo Opoku Ware II ya nemi a maido da kayan, aka shekara 50 ana kai da kawowa. Da nauyin ƙarfen ake bi, da ba a sha wannan wahala ba, tun da ƙasar Obuasi ba ta daina ba da zinariya ba. Abin da ake bi shi ne aikin hannun maƙeran da suka riga mu gidan gaskiya, wanda ba a haƙo shi a rami.

Mizani ya zo daga arewa

Tun kafin a san da wani gari wai shi Kumasi, zinariyar kurmin Akan tana tafiya arewa. Wangarawa, fataken ƙasar Mali, su ne suka yi zango a Begho, a bakin kurmi cikin yankin Bono na yau, wajen ƙarni na 14 zuwa na 15. Daga nan ayari kan ɗauke ta zuwa Jenne da Tumbutu, ta ƙetare Sahara, a buga dinari da ita a Maroko da Masar. Labarin wannan arziki ne ya jawo Turawan Fotugal suka gina ganuwar Elmina a 1482, don su tare zinariyar ta bakin teku. Bayansu Ingilishi suka zo, har a 1663 suka fara buga wani tsabar zinariya da suka raɗa wa suna gini, sunan da suke kiran wannan gaɓar teku da shi.

Waɗannan Wangarawa ba baƙinmu ba ne. Tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) suka iso Kano da Musulunci, ya kuma nuna a zamanin Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) aka buɗe hanyar Gwanja. Ke nan reshe ɗaya na dangin fataken ya yi kudu neman zinariya, ɗaya ya yi gabas zuwa ƙasar Hausa, daga baya goro ya sake haɗa su.

Falke ba ya ciniki da ka, sai da ma'auni. Wangarawa sun zo da mizani da misƙali, awon zinariya na duniyar Musulmi, wanda nauyinsa ke tsakanin giram 4.25 da 4.5. Shi ne misƙalin da malamanmu ke ambata in suna bayanin nisabin zakka, wato misƙali 20, shi ne kuma nauyin dinarin da ake cewa sadaki ba ya gaza rubu'insa. Mutanen Akan suka karɓi wannan awo, suka riƙa zuba duwatsun awonsu da tagulla, suna kiransu abrammuo. Masanan da suka ɗora dubban waɗannan duwatsu a kan sikeli sun tarar da yawa daga cikin na farko-farkon suna bin misƙali da ukiyya. Na farkon siffofi ne kawai na murabba'i da dala da zane-zane. Daga baya, musamman a ƙarni na 18 da na 19, maƙera suka mai da su karin magana: tsuntsun sankofa mai waiwayen baya, ko kadoji biyu masu ciki ɗaya suna faɗa a kan abinci. Kowane magidanci mai hali yana da ƙunshinsa da ake kira futuo, a ciki akwai mizani da duwatsun awo da ƙananan cokula da akwatunan garin zinariya. In za a yi ciniki, mai saye ya auna da nasa, mai sayarwa ya auna da nasa, sai an daidaita. Mu ma muna cewa sai an gwada akan san na ƙwarai.

Shaida ta biyu tana garin Nsawkaw, kusa da kufan Begho, inda har yau ake girmama waɗansu manyan tasoshin tagulla masu rubutun Larabci, ƙirar Masar ta zamanin Mamluk. Irin waɗannan tasoshi ne maƙeran Akan suka duba suka ƙirƙiro kuduo, tukunyar tagulla mai murfi da sarakuna ke adana zinariya da duwatsun wuya a ciki. A jikin waɗansu tsofaffin kuduo mutum zai ga zanen da ya kwaikwayi haruffan Larabci, aikin maƙerin da bai karanta su ba amma kyansu ya burge shi.

Fada da maƙeranta

Da Osei Tutu ya karya Denkyira a yaƙin Feyiase a 1701, ya kafa daular Asante a kan Kujerar Zinariya, Sika Dwa Kofi, wadda Asantawa suka yi imani Okomfo Anokye ne ya saukar da ita daga sama ranar wata Juma'a. Sabuwar daula tana bukatar ado, ado kuwa yana bukatar hannu. Don haka duk ƙasar da aka ci, ban da ganimar dukiya, sai a kwaso gwanayen sana'arta. Aka kawo maƙera daga Denkyira. Da Opoku Ware I ya ci Bono Manso da Techiman wajen 1723, ya zo da maƙeransu da masu sanin awo da tsare baitulmali. Aka sa maƙeran fada a ƙarƙashin shugabansu, Adwomfohene, kamar yadda muke da Sarkin Maƙera. Sauran sana'o'i ma aka ba su ƙauyukansu kewaye da birni: saƙar kente a Bonwire, sassaƙa a Ahwiaa, adinkra a Ntonso, ginin tukwane a Pankrono.

Maƙerin zinariya, sikadwumfo, mutum ne mai martaba. A zamanin da sa zinariya sai sarki da matansa da manyan hakimai, an yarje wa maƙeri da matansa su sa. Wani abin lura, gadon sarauta da na dukiya a Asante ta wajen uwa yake bi, amma ƙira galibi daga uba take sauka zuwa ɗa, domin a gindin zugazugi ake koyonta tun yaro bai kai ɗaga masaba ba. Nan al'adarsu da tamu suka yi canjaras: kyan ɗa ya gaji ubansa.

Babbar dabararsu ita ce zubi da kakin zuma. Maƙeri zai tausasa kakin a ruwan ɗumi, ya ɗora a kan allo mai santsi, ya riƙa murza shi da wani ɗan katako har ya koma siriri kamar zaren ɗinki. Da wannan zare yake nannaɗe siffar abin da yake so, ko fai, ko ƙwayar dutsen wuya, ko tarwaɗar da za ta hau kan zobe. In abin mai rami ne a ciki, sai ya fara gina cikinsa da yumɓu da garin gawayi, sa'an nan ya lulluɓe da kaki. Ya liƙa waɗansu 'yan sandunan kaki da za su zama magudanar ƙarfe. Daga nan ya dama garin gawayi mai laushi da yumɓu, ya shafa da gashin tsuntsu, ya bari ya bushe a inuwa, ya sake shafawa, har sau da dama, domin wannan shafe na farko shi ke ɗaukar kowane tsagi na kakin. A bisa wannan ya yaɓa yumɓu mai kauri da aka cuɗa da zaren kwakwar manja. In ya bushe sai a gasa shi, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa.

Sai aikin wuta. Ana zuba zinariyar da aka auna a wani ɗan kasko na yumɓu, a kifa shi a bakin magudanar, a liƙe su su zama dunƙule ɗaya, a cusa cikin gawayi kaskon yana ƙasa. Yaro yana zuga, maƙeri yana kallon launin wutar, don ba shi da wani ma'aunin zafi sai idonsa. In ya ga lokaci ya yi, ya sa awartaki ya ɗauko dunƙulen ya juya shi farat ɗaya, narkakkiyar zinariya ta gangara ta cika gurbin da kaki ya bari. In ya huce a fasa yumɓun. Daga nan babu komawa: kakin ya tafi, mazubin ya fashe, abin da ya fito shi kaɗai ne irinsa a duniya. In ya yi kyau, ya yi. In iska ta shiga ko ƙarfen bai kai ko'ina ba, aikin makonni ya tashi a banza, sai a sake daga murza kaki. A ƙarshe a yanke magudanan, a goge da magagari, a tafasa shi da jar ƙasa da gishiri don launinsa ya fito.

Ba zubi kaɗai suka iya ba. Suna buga zinariya ta yi falle-falle kamar ganyen albasa, su lulluɓe sassaƙaƙƙen itace da ita, kamar kan sandar okyeame mai magana da yawun sarki, da ƙotar takobi, da tuntun laima. Suna jan ta ta zama waya su yi saƙa da ita. Suna kuma ɗaukar ƙwaro na gaske, ko ƙwayar gyaɗa, ko ƙafar ƙaguwa, su yaɓe da yumɓu su ƙone, su zuba tagulla a gurbin. Baturen Ingila Thomas Bowdich, wanda ya shigo Kumasi a 1817, ya ba da labarin hakiman da curin zinariyar da ke wuyan hannunsu ya yi nauyin da sai sun ɗora hannun a kan wani yaro.

Laya a cikin zinariya

Bowdich da Joseph Dupuis, wanda ya biyo bayansa a 1820, dukansu sun tarar da unguwar Musulmi a tsakiyar Kumasi, kusa da fadar Asantehene Osei Bonsu, ƙarƙashin jagorancin Muhammad al-Ghamba, wanda ake kira Baba. Galibinsu mutanen Gwanja da Dagomba da Mamprusi da Wangarawa ne, tare da baƙin da ke zuwa daga nesa, kuma daga bakinsu Turawan suka rubuta hanyoyin da ke kai mutum Katsina da Kano. Su ne marubutan fada, su ke yi wa sarki wasiƙu da Larabci, su ke yi masa addu'a in za a fita yaƙi, su ke rubuta masa layu.

A laya ne hannu uku suka haɗu. Malam ya rubuta ya naɗe, baduku ya ɗinke da fata, maƙeri ya yi mata kube na zinariya ko azurfa. Wanda ya taɓa ganin batakari kese, babbar rigar yaƙin da Asantehene ke sawa a manyan bukukuwan hawa gado da na makoki, ya ga yadda layu suka rufe ta ba masaka tsinke. Siffar layar nan mai kusurwa uku ko huɗu ta shiga cikin adon Asante har ta zauna, ana ganinta a rawunan sarakuna da takalmansu da damatsansu. Wani ɓangare na rubuce-rubucen malaman yana nan har yau: a yaƙin Katamanso na 1826 wani ƙunshin takardun Larabci mai ɗaruruwan warƙoƙi ya faɗa hannun Turawan Danmak, yana ajiye a babban ɗakin karatun sarautar ƙasarsu, cike da hatimai da addu'o'i da wasiƙu.

Su kuwa kakanninmu Hausawa, a mafi yawan ƙarni na 19 iyakarsu kasuwannin arewa ne, musamman Salaga, domin fadar Kumasi ba ta sakar wa baƙin fatake hanyar shiga kurmi ba. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da ayarin jakuna, madugu yana gaba, su yi watanni a hanya. Suna kawo kanwa da turkuɗi da jar fata da duwatsun wuya da alharini da dabbobi, suna kawo bayi kuma, wannan ma gaskiya ce da ba ta ɓoyuwa. Su koma da goro. Tonawa, kamar yadda suke kiran Asantawa, sun fi son biyan arewa da goro su adana zinariyarsu don sayen bindiga da albarushi a bakin teku. Ta haka cinikin goron kakanninmu ya taimaka wajen tara zinariyar da ta zauna a Kumasi, maƙera suka sami abin aiki.

Maƙeran fari

Ba mu zo ƙasar nan hannu rabbana a fagen ƙira ba. A ƙasar Hausa maƙera kashi biyu ne. Akwai maƙeran baƙi masu fartanya da garma da takobi, akwai maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da gaci. Su ne masu mundaye da awarwaro da zobba da 'yan kunne, da adon linzami da likkafa da kuben takobin sarakuna, kayan da suka cika kasuwar Kurmi ta Kano tun bayan da Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa ta. Azurfarsu galibi daga liyari take, tsabar nan ta Ostiriya mai hoton Sarauniya Maria Theresa da shekarar 1780, wadda ake narkarwa ko a huda a rataya. A Agadas maƙeran Buzaye suna zuba abin wuyansu na azurfa da dabarar kakin zuma, irin ta Kumasi. A Bida Nufawa sun shahara da tagulla da ƙarau.

Abin da ya sa hannunmu ya fi faɗawa a azurfa dalili biyu ne. Na ɗaya, ƙasar Hausa ba ta da ramukan zinariya irin na kurmi. Na biyu, shari'a ta hana namiji Musulmi ado da zinariya, ta halatta masa zoben azurfa. Don haka sarkin Hausa ya nuna isarsa da alkyabba da rawani da kayan doki, Asantehene ya nuna tasa da zinariya tun daga ka har ƙafa. A wajenmu zinariya ta zama kayan ɗakin mata. Wannan bambanci zai dawo mana nan gaba.

Shekarar 1874

Ranar 4 ga Fabrairu 1874 Janar Garnet Wolseley ya shigo Kumasi da rundunarsa, yaƙin da Asantawa ke kira Sagrenti. Asantehene Kofi Karikari ya riga ya fice. A daren da ya biyo baya wakilan ganima suka bi ɗakunan fada da fitila suna tsince abin da ya fi daraja, da gari ya waye aka tarwatsa fadar da albarushi aka cinna wa birni wuta. Yarjejeniyar Fomena ta ɗora wa Asante tarar oza 50,000 na zinariya. Kason farko da aka kai, kimanin oza 1,000, da yawansa kayan ado ne da aka ciro daga jikin mutane da taskokin fada, aka ɗora a sikeli aka karɓa da nauyi.

An yi gwanjon wani ɓangare a Cape Coast, wani kuma ya tafi Landan hannun kamfanin Garrard, waɗanda suka zama maƙeran kambin sarautar Ingila a 1843. Garrard ya baje su a kantinsa ya sayar wa gidajen tarihi da attajirai. Wani fai ma aka dasa shi a tsakiyar farantin azurfa don adon tebur. Sir Richard Wallace ya sayi wani kan mutum na zubin zinariya mai nauyin sama da kilo 1, wanda yana cikin manyan kayan zinariyar da suka rage daga tsohuwar Afirka, har gobe kuma yana gidan tarihin Wallace a Landan.

Nan ne rabonmu marar daɗi. A cikin rundunar Wolseley akwai rukunin sojojin da ake kira Hausa, akwai kuma dakarun Kyaftin John Glover da ya ɗebo daga Ikko, waɗanda suka bi ta gabas suka ratsa Kumasi bayan an ƙone ta, matsin da ya sa sarki ya gaggauta aika zinariyar. Ba dukansu Hausawa ne na asali ba. Da yawa bayi ne 'yan arewa da suka tsere, Hausa ce ta haɗa su, kakin soja ya ba su mafaka. Amma da sunanmu aka kira su. Irinsu ne suka raka rundunar 1896 da ta kama Prempeh I aka kai shi Elmina, da Saliyo, da tsibirin Seshel, aka kuma sake kwasar kayan fada. Su ne a cikin ganuwar Kumasi a 1900, lokacin da Gwamna Frederick Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna, Yaa Asantewaa ta ta da yaƙi. Wanda ya san wannan zai fahimci wani abu daga cikin kallon da aka daɗe ana yi wa Zango, zai kuma fahimci nauyin amanar da ke tsakaninmu da Manhyia a yau.

Kujerar dai ba ta shiga hannun Turawa ba, an ɓoye ta. Amma a 1921 masu aikin hanya suka yi kiciɓis da maɓoyarta, waɗansu 'yan ƙasa suka kware adon zinariyar da ke jikinta suka sayar, har aka narkar da wani. Asante duka ta shiga makoki. Sarakuna suka yanke wa masu laifin hukuncin kisa, gwamnatin mulkin mallaka ta mai da shi kora daga ƙasa. Abin da bindigar Hodgson ta kasa, kwaɗayi da kaskon narki sun kusa yi.

Daga futuo zuwa sikelin lantarki

Mulkin Turawa ya kashe garin zinariya a matsayin kuɗi, ya kawo sulalla. Futuo ya zama ba shi da aiki, aka riƙa sayar wa Turawa duwatsun awo dubbai a matsayin kayan tsaraba. Masu zubin tagulla suka koma yin abin da baƙi ke so. Zuriyarsu na nan a Ampabame Krofofrom, kudu da birni, ƙauyen da sunansa da na unguwarmu tushensu ɗaya, ma'anarsu sabon gari. Har yau da kakin zuma da gawayi da yumɓu suke aiki, sai dai tagullar daga tsofaffin kawunan famfo da kwaɗuna take fitowa.

A wannan zamanin ne Zango ya cika. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo, bayan 1896 ƙofar Kumasi ta buɗe, jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, hanyar da Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara cin moriyarta. Arzikin goro da na shanu ya shiga gidaje, wani kaso nasa ya zama sarƙa da 'yan kunne da awarwaro a akwatin mata, ta hanyar lefe da adashi da tsarabar Makka. Zinariyar mace ita ce bankinta. Ita ake ɗagawa in ciwo ya zo, ko kuɗin makaranta, ko jari ya karye. A Nuwamba 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasa, aka yi gwanjon gidaje da kaya a wulaƙance, abin da ake iya ƙullewa a bakin zane shi ne ya ƙetare iyaka da masu shi.

Ba wanda zai zargi uwar da ta sayar da sarƙarta ta biya asibiti, don ranar haka aka ajiye ta. Amma mu dubi abin da ke faruwa a teburin mai saye. Zai goga ta a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora a sikelin lantarki, ya faɗi kuɗin giram. Aikin da ke jikinta ba ya cikin lissafi. Ko ƙirar wani gwani ce ta shekara 80, ko ta inji ce ta bara, kasko ɗaya za su shiga. Haka wakilan Wolseley suka karɓi tarar Fomena. Mundayen azurfar kakanninmu ma haka suka bi, an raina su an ce kayan ƙauye ne, alhali irinsu suna cikin gilashi a gidajen tarihin Turai. A lokaci guda galamsey ya mai da Offin da Pra ruwan kunu, zinariyar ta fita ɗanya, ta dawo mana daga Dubai a matsayin sarƙar inji, mu biya ladan aikin wasu.

Suna da littafi

Me ya sa sunan Garrard, wanda asalinsa ke komawa 1735, da na Cartier na birnin Faris, wanda aka kafa a 1847, ke ƙara wa zobe kuɗi ninkin ba ninkin? Ba don hannunsu ya fi na maƙeran Osei Bonsu ba. Sun ajiye littattafan ciniki da zane-zanensu, sun buga hatiminsu a jikin kowane aiki, a Landan ma tun 1478 ake kai kayan maƙera zauren ƙungiyarsu a gwada a buga musu shaida. Je ka karanta takardun da ke gefen kayan Asante a gidajen tarihi: za ka ga sunan janar ɗin da ya kwaso, da kantin da ya sayar, da attajirin da ya saya, galibi babu sunan wanda ya murza kakin. Maƙeran fari na Kano ma haka abin yake.

Kayan 32 da suka zo daga Landan aro ne na shekara 3, da damar ƙara 3, saboda dokokin Ingila, irin ta Gidan Tarihin Birtaniya ta 1963, sun hana a mayar da su dungurungum. Zanen aro ba ya rufe katara. Gidan tarihin Fowler na Amurka ya maido da guda 7 baki ɗaya a Fabrairu 2024, kamfanin AngloGold Ashanti ya miƙa guda 28 a Nuwamba na shekarar, Otumfuo Osei Tutu II kuma bai daina bin sauran ba. Wannan aikin fada ne, kuma ya kamata a ga fuskokinmu a cikin masu murna da shi. Mu kai 'ya'yanmu Manhyia tun wa'adin aron bai cika ba, mu nuna musu kuben laya mu gaya musu wanda ya rubuta abin da ke ciki.

Namu aikin yana cikin gida, kuma ba ya bukatar izinin wata majalisa. 'Yan'uwa, tun hajiyoyinmu suna da rai, a buɗe akwati a tambaye su: wannan munduwa daga ina, wane maƙeri ya yi ta, a bikin wa aka fara sa ta? A rubuta, a ɗauki hoto, a ajiye tare da takardun gida. In lalura ta tilasta sayarwa, a fara da sarƙar inji, a bar ta hannu sai ƙarshe, a kuma fara tayar wa dangi kafin mai narki. In za a haɗa lefe, ko zobe ɗaya ne a ba maƙerin gari ya yi, a ce ya buga alamarsa a ciki. Yaron da Allah ya ba hannu kuma kada a hana shi zama gindin zugazugi don ana ganin ƙira ƙasƙanci ce. Jami'ar Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi tana koyar da aikin ƙarfe da kayan ado, tsofaffin maƙera kuma ba su ƙare ba tukuna. Da tsohuwar zuma ake magani, da kakinta kuma aka yi duk abin da duniya ke zuwa kallo a Manhyia. Allah ya jiƙan magabata, ya sa albarka a hannun masu sana'a.